Salla Huɗu Muna Kallon Indiya

Abubuwa da yawa sun same ni tun zuwana Doha, yawancinsu na manta, har sunan kamfanin da na fara yi wa aiki sai na tsaya na yi tunani. Amma tafiyar da muka yi a jirgin ruwa shekara uku da suka wuce, ko tsufa na yi haƙora suka zube, wannan kam ba za ta fita raina ba. Ni ne na sa dattawa huɗu suka yi salla huɗu suna kallon Indiya, kuma ɗaya daga cikinsu shi ne mutumin da aurena ke hannunsa.

Ni ɗan Kaduna ne. Aikin kwamfuta da haɗa network nake yi a wani kamfani a Al Rayyan, ina zaune a Fereej Abdel Aziz, ɗaki ɗaya da abokina ɗan Jos, Kirista, mai gyaran AC. A lokacin ina neman wata 'yar Zangon Kumasi da ke aiki a kantin magani. Mun shirya da ita tsaf, saura manya. Iyayenta suna Ghana, suka ce su ba su san ni ba, ba su san Kaduna ba, amma kawunta yana nan Al Wukair, ya fi shekara ashirin yana tuƙa bas. Abin da ya faɗa a kaina, shi ke nan. In ya ce a karɓi gaisuwata a karɓa, in ya ce a'a, khalas.

Sau uku ina zuwa gaishe shi. Ya ba ni shayi, ya tambaye ni aiki, ya tambaye ni mutanen gida, ya kalle ni ta saman tabarau, shi ke nan. A zuwa na ukun ne ya ce, "Ɗan Najeriya, ni ban iya sanin mutum a kan tabarma ba. Kowa na kirki ne in ya zo gaisuwa. Ni da abokaina uku za mu shiga jirgin ruwan nan na yawon shaƙatawa, kwana uku, mu je Dubai mu dawo. Ka nemi hutu ka zo mu tafi."

Da na gaya mata a waya, sai ta ce, "Abu uku zan roƙe ka. Kada ka cika shi da surutu. Kada ka yi musun dafa-dukan Ghana da na Najeriya. Na uku kuma, don Allah don Annabi, ka bar abin nan naka na fuska a gida."

Biyu na kiyaye.

Abin fuskar da take nufi hedset ne da na saya hannu na biyu wata biyu kafin nan, irin wanda ake kira mixed reality. Ga wanda bai taɓa sawa ba: kamar ƙaton tabarau ne da ke rufe rabin fuska. In ka saka kana ganin ɗakinka yadda yake, gado, ƙofa, mutane, amma kana iya rataya abin da babu shi a ciki. Ka kafa allon kallon fim kamar na silima a jikin bango, ko ka zana abu da yatsa a iska ya tsaya inda ka ajiye shi, gobe ka dawo ka same shi a nan. A ɗakinmu har kibiya na zana a ƙasa mai nuna alƙibla, don gayu kawai, tunda na san inda alƙiblar take. A wancan lokacin in ka ce in zaɓi tsakanin hedset ɗin nan da abincin rana, wallahi sai na yi tunani. Na cusa shi ƙasan jaka na ɗora riguna a kai. Abokina ɗan Jos ma ya ɗauki hutu ya biyo ni, wai ba zai bari a yanka ni babu shaida ba.

Mun shiga jirgi wajen sha biyun rana. Ku yi tunanin unguwa guda an ɗora ta kan ruwa: hawa goma sha wani abu, wurin wanka a sama, gidajen abinci, har lif. Ɗakunanmu kuwa can ciki suke, babu taga ko ɗaya, in ka kashe fitila ba ka san rana ba ka san dare ba. Dattawan nan sun zo da shirinsu kamar masu tafiya Hajji ta ƙasa. Buta biyu, darduma, garin rogo a leda, da kwalbar shito, yajin nan nasu baƙi na Ghana, wai ba su yarda da miyar jirgi ba.

Azahar ta yi muna tashar Doha, jirgi bai motsa ba. Muka taru a ɗakin Kawu. Kowa ya zaro waya ya buɗe kamfas, sai ga waya huɗu, alƙibla huɗu. Ta Kawu ta nuna banɗaki, ta limamin tafiyar, wani dattijo mai tsaron sito, ta nuna ƙofa, ta ɗayan kuwa juyi kawai take kamar fanka. Ƙarfen jirgin ne ya rikita su. Musu ya kaure.

"Taka tsohuwa ce, Alhaji, tun yaushe nake ce maka ka canja."

"Tawa ta kai ni Makka ta dawo da ni. Taka ina ta taɓa zuwa?"

Nan na ga dama ta faɗo mini daga sama. Na ce, "Kawu, a ba ni minti biyar." Na hau can saman jirgi da gudu, inda babu rufi. A nan kamfas ya nutsu, ga gari ina gani, na san inda masallatai ke kallo. Alƙibla ta yi daidai da hancin jirgi cif. Na sauko, na bi ta ɗakinmu na zaro hedset, na shigo na saka a gabansu. Na ɗaga yatsa na zana ƙatuwar kibiya koriya a ƙasa, kanta yana nuna ƙofar kabad ɗin kaya, wadda ke ta wajen hancin jirgi. Na ce, "Kawu, an gama. Daga yau har mu dawo babu sauran musu."

Kawu ya ce in ba shi ya gani. Ya cire hula, na ɗaura masa, ya mayar da hular a saman madaurin. Ya sunkuya ya kalli ƙasa, ya ɗaga ƙafa ya tsallake kibiyar a hankali kamar kada ya taka ta. Ya ce, "Ikon Allah. Ga ta nan kwance kamar an shafa fenti."

Liman ya ce, "Yaro, ba ta kuskure?"

Na ce, "Baba, ba ta yi."

Har yau in na tuna yadda na faɗi maganar nan, ƙirji a buɗe, sai in ji kamar in koma in toshe bakina.

Muka yi Azahar, muka yi La'asar, muka yi Magariba, duk jirgi na tsaye, duk daidai. Bayan Magariba aka busa ƙaho, jirgi ya fara ja da baya, muka hau sama muna kallon fitilun Doha suna nisa. Ina can ina ɗaukar bidiyo, jirgi ya yi kwana ya miƙi hanyarsa. Na ga kwanar da idona. Ban haɗa ta da komai ba.

Da muka koma ɗaki na ce bari in nuna wa ɗan Jos yadda ake kallon fim a tsakiyar teku. Ina kafa allo sai ya fara zamewa a hankali, ya ratsa bango ya yi tafiyarsa. Na sake kafa wani, shi ma ya bi ɗan'uwansa. Ina ta kai hannu ina cafkar iska, ɗan Jos yana kan gado yana riƙe ciki.

"Mutumina, fim ɗinka ya sauka a Doha, ba shi da biza."

Ashe na'urar tana jin motsin jirgi ne alhali idonta na ganin ɗaki a tsaye, sai ta rikice. Na tona cikin saiti na samu wani da aka yi don matafiya, wanda ke liƙe komai da ɗakin da kake ciki, ko ɗakin yana gudu ko yana juyi. Ina kunnawa allo ya tsaya cak. Na ruga ɗakin Kawu don Isha, na duba, ga kibiyata a kan ƙofar kabad ko gezau. Daɗi ya kama ni. Na shimfiɗa darduma ina jin kaina kamar wani injiniyan sama jannati.

Washegari wuni guda a kan ruwa muka yi, babu tsayawa. Ranar ta yi daɗi, ba zan ɓoye ba. Da asuba Kawu da kansa ya ƙwanƙwasa mana ƙofa yana cewa, "Mai alƙibla, yalla, fito da tabaranka." A wurin karin kumallo ya buɗe kwalbar shito ya ɗiba mini cokali guda a kan ƙwai, abin da aka ce ko 'ya'yansa sai sun roƙa. Ɗaya daga cikin dattawan ya ja ni da maganar dafa-duka, wai mu 'yan Najeriya shinkafa muke jiƙawa da tumatir mu kira ta abinci. Na haɗiye amsata da ruwan shayi, na ce, "Haka ne, Baba." Ɗan Jos ya taka mini ƙafa a ƙarƙashin tebur yana raɗa, "Ka sayar da ƙasarka saboda mace." Azahar ta yi, na saka hedset, kabad. La'asar ta yi, na saka, kabad. Kullum wuri ɗaya, ni kuma ina alfahari da yadda ba ta motsi. Har saƙo na tura wa budurwar tawa: "Kawunki ya zama nawa."

Bayan La'asar ni da ɗan Jos muka hau can sama shan iska. Na kishingiɗa na saka hedset, na kunna wani abu da ke sa manyan kifaye su riƙa yawo a iska a kusa da kai, ga teku na gaske a bayansu. Ina cikin jin daɗina ya taɓo ni.

"Tsaya in tambaye ka. Kibiyar nan taka, hancin jirgi ka ce tana kallo ko?"

"Eh."

"To ni dai shekara biyu ina ganin ka kana salla a ɗaki, wajen da rana ke faɗuwa kake kallo. Cire abin nan ka duba inda rana take."

Na cire. Rana tana can ta bayan jirgi, ta sunkuyo kan farin kumfan da muke bari. Hancin jirgi kuwa gabas ya nufa, sak. A Kaduna da hakan daidai ne, amma a nan Makka yamma take da mu. Tun daren jiya mun ba ta baya.

Sai a nan na gane. Kibiyar ba ta san Makka ba. Kabad ta sani. A ɗakinmu na Fereej Abdel Aziz ba ta taɓa kuskure ba saboda gini ba ya yin kwana. Na ƙirga da yatsa: Isha, Asuba, Azahar, La'asar.

Ɗan Jos ya ce, "Me ke gaba da mu ta can?"

Na ce, "In ka miƙe, Indiya."

Ya yi ƙoƙarin riƙe dariya, ta ƙwace masa ta hanci.

Ga gaskiyar abin da ya zo mini a rai, tunda na ce zan faɗa duka. Hanya mai sauƙi tana nan a buɗe. In Magariba ta yi, sai in saka hedset, in ɗan yi shiru, in ce, "Kawu, jirgi ya juya yanzu, kibiya ta koma wajen ƙofa." Ba wanda zai gane. Ƙarin girma ma za su ba na'urar, su ba ni. Shito zai ci gaba da zuwa kan ƙwai. In kuwa na faɗi gaskiya, na zama yaron da aka tambaya ya ce ba ta kuskure. Na faɗa wa ɗan Jos haka.

Ya ce, "Ni ban san hukuncin addininku ba, AC nake gyarawa. Amma ka taɓa gaya mini sallar da aka yi kuskure ana iya sakewa in lokaci bai fita ba. Ga rana can za ta faɗi, tana jiran ka ne?"

Ba ta jira. Ta fara sauka sosai. Na miƙe.

Na same su a wurin shan shayi ta bayan jirgi, sun haɗa tebur biyu, Kawu yana ba da labarin wani kafil, wato ubangida Balarabe, da ya taɓa yi wa aiki. Na durƙusa a gefen kujerarsa a gaban Turawa da Larabawa da kowa.

Ya ce, "Mi ya faru? Tabarau ya faɗa ruwa?"

Na ce, "Kawu, da ma shi ne ya faɗa. Na yi muku ɓarna. Kibiyar nan da ɗaki take liƙe, ba ta bin Makka. Tun da jirgi ya juya jiya, salla huɗu muka yi muna ba alƙibla baya. Baba Liman ya tambaye ni ko tana kuskure na ce ba ta yi, alhali ban bincika ba. Laifina ne ni kaɗai."

Cokalin da ke hannun Kawu ya tsaya a cikin kofi. Ya juya ya kalli rana, ya juya ya kalli gaban jirgi, ya sake kallon rana.

Sai mai tsokanar dafa-dukan nan ya buga cinya. "Wallahi na gani! Da safe bayan Asuba na hau sama, na ga rana tana fitowa ta inda muka kalla. Na ce a raina, yau kamar a Kumasi. Sai na ce kai, tsoho, rufe bakinka, na'ura ta fi ka sani."

Liman ya ce, "Ka gani ka yi shiru?"

"To ku da kuka ce wayata fanka ce, wa zai saurare ni?"

Na huɗunsu, wanda tun da muka taso bai yi magana goma ba, ya ce a hankali, "Indiyawa dai sun sha addu'a." Nan tebur ya fashe. Liman yana dariya yana istigfari a lokaci guda. Kawu ne kawai bai yi ba.

Liman ya share ido ya ce, "Ku tashi, rana ba ta yi ja ba tukuna. Azahar da La'asar mu sake su yanzu. Na jiya da na asuba lokacinsu ya wuce, mun yi iya ƙoƙarinmu, Allah ya ga niyya." Muka yi alwala a gurguje, muka samu wani lungu a bayan jirgi inda babu mutane, muka shimfiɗa darduma muna kallon hanyar da muka baro. Ɗan Jos ya tsaya daga nesa yana nuna wa masu wucewa su zagaya. Iska tana kaɗa rigunanmu, ruwa yana ƙara a ƙasa. Ban taɓa yin sallar da na ji kunya da sanyin rai a haɗe kamar wannan ba.

Da muka sallame Kawu ya ce, ba tare da ya kalle ni ba, "Shekara ashirin ina tuƙi, ko a sahara ka ajiye ni na san gabas da yamma. Na bar yaro da tabarau ya juya ni." Ya naɗe dardumarsa. "Daga yanzu kowace salla ka hau sama da ƙafarka ka dubo, ka tambayi ma'aikatan jirgi ina muka dosa, sannan ka zo."

Haka na yi. Hawa tara, sau biyar a rana, don na ji kunyar ya gan ni ina jiran lif. Wani ma'aikaci ya nuna mini ashe talabijin ɗin ɗaki ma yana da tasha mai nuna taswira da inda hancin jirgi ke kallo. Tun ranar farko tana nan, ba wanda ya kunna. A Dubai muka sauka muka yi yawo, Kawu bai ce mini komai ba in ban da "riƙe jakar nan". Shito bai sake zuwa ba. Budurwar tawa kuma tana ta turo saƙo, "Ya ake ciki?", ina tura mata hoton teku.

Safiyar ƙarshe, dogayen gine-ginen Doha sun fara bayyana, muna zaune a sama da jakunkuna. Kawu ya ce, "Ɗan Najeriya, abokinka ya ce akwai kifi a cikin abin nan. Kawo." Na ɗaura masa. Minti ɗaya bai cika ba wani ƙaton kifi ya nufo shi, ya yi baya da kujera yana "A'uzu billahi!", ya kai masa duka da hula. Dattawa suka kwanta da dariya. Shi ma ya cire yana haki yana dariya har da hawaye, karo na farko tun ranar.

Sai ya zaro waya, ya danna saƙon murya zuwa ga iyayenta a Ghana, ya kai bakinsa, ni ina zaune a gabansa.

"Salamu alaikum, Yaya. Mun dawo lafiya. Yaron nan na gan shi. Yana da rawar kai, ba zan ɓoye maku ba, kuma yana da wani abin wasa da yake ɗaurawa a fuska kamar mai walda. Ya sa mu salla muna kallon Indiya, in na zo zan ba ku labari. Amma da ya gane, da ƙafarsa ya zo ya durƙusa ya faɗa, alhali in ya yi shiru ba wanda zai sani. Ɗiyarmu in ta zauna da shi za ta sha haushi, amma ba za ta zauna cikin duhu ba. In mutanensa sun zo, ku karɓi goro."

Ya tura. Ya kalle ni ya ce, "Rufe bakinka, iska za ta shiga."

Yanzu muna zaune a Al Wukair, layi biyu tsakaninmu da shi, da 'yarmu guda. Duk wanda ya zo gidansa sabo sai ya ji labarin nan, kuma kowace shekara sallolin ƙaruwa suke, bara na ji ya ce bakwai.

Abin da na koya bai da yawa. In aka tambaye ni abin da ban bincika ba, yanzu bakina ya iya cewa "bari in dubo". In kuma na yi ɓarna, ina faɗa tun da sauran lokacin gyara, don kunyar minti biyar ce, ta wuce. Wadda ka ɓoye kuwa kai da ita ne har abada, kuma ba za ka taɓa samun bakin ba da labarinta kana dariya ba.